Ranar da Inna Ta Buga Kwanon Tsaki

Bara ne aka toshe hanyar bayan gidanmu. Jikan maƙwabcina ya dawo daga birni da abin hannunsa, ya sayi 'yar gonar da ta rage tsakanina da tsohuwar kukar nan, ya ja katangar bulo wadda ta fi ni tsawo, ya bi kanta da fasassun kwalabe. Ban ga laifinsa ba, filinsa ne, kuma sai da ya zo har zaure ya durƙusa ya gaishe ni kafin ya aza harsashi. Sai dai ta wannan kafar kajin gidan nan suke fita kiwo tun ban yi wayo ba. Kwana da kwanaki suna zuwa gindin katangar da safe su yi cirko-cirko, su ɗan tona ƙasa, su dawo. Ta ƙofar gida kuwa titi ne, babura ba sa ɗaga wa kowa ƙafa. Da aka take mini biyu a mako guda, sai na sa aka buga musu keji na waya a kusurwar tsakar gida. Ni ma gwiwoyina sun daɗe da hana ni wuce masallacin unguwa, saboda haka yanzu tare muke wuni, ina kan tabarma suna bayan waya. A irin wannan zaman ne abubuwan da na ɗauka sun wuce suke dawo mini ɗaya bayan ɗaya.

Kada wani ya ɗauka a da can cikin daji muke. Wannan ƙasa tamu tun ina yaro gona ce a jikin gona, kowace kunya da mai ita, kowace bishiyar ɗorawa an san gidan da yake cin 'ya'yanta. Amma akwai sarari a tsakani. Akwai burtalin da shanu suke bi, akwai juji, akwai gindin rumbuna inda hatsi yake zuba, kuma dangar kara ce tsakanin gida da gida, kaza ta kutsa ta nan ta ɓulla ta can, ba mai cewa uffan. In gari ya waye, abin da kunne zai fara ji shi ne carar zakarunmu, na maƙwabta su amsa, na ƙauyen gaba su karɓa can nesa. Sai ƙarar guga yana dukan ruwa a rijiya, sai taɓare biyu suna amsa wa juna a turmi ɗaya, sai zabi su ɓarke da surutunsu a kan danga. A ƙarƙashin duk wannan akwai wani ɗan siririn sauti da sai ɗan gida yake jinsa, wato kukan 'yan tsaki a cikin akurki suna neman a buɗe musu. Yau injin markaɗe ne yake tashe ni, da waƙar da take fita daga wayar wani a bayan katanga.

Mahaifina ya rasu ina fara iya riƙe fartanya da kyau. Da aka raba gado, gonar da ta zo hannunmu ba ta kai mu ko tsakiyar bazara. Yayyena mata biyu suna gidajen mazansu a wasu ƙauyuka, saura ni da Inna, mahaifiyata. Sunan mahaifinta aka sa mini, shi ya sa ba ta taɓa kama sunana ba, Babana take ce mini har ta koma ga Allah. Abin da ya riƙe gidanmu kaji ne. Da su ake sayen gishiri da kananzir, da su ake ɗinkin sallah, da su ake cike gurbin hatsi in rumbu ya yi ƙasa. Inna ba ta je makaranta ba, amma ta san kaza kamar yadda malami ya san allonsa. Ta tafiyar kaza take gane za ta hau kwanci. In ta ɗaga ƙwai ta kalli rana ta cikinsa, za ta ce wannan da rai, wannan a dafa.

Aikina ya fi yawa a kan ƙanana. Da yamma in cika tsohuwar tukunya da busasshen kashin shanu da karmami, in yayyafa ruwa, in kife ta a inda gara take fitowa a gindin kuka. Da safe in na ɗaga, ta cika da gara tana motsi, in kawo in zazzage wa 'yan tsaki, su yi ta wawaso. In ɓarza dawa a dutsen niƙa ta zama tsaki. In zuba ruwa a kasko, in jera tsakuwa a ciki don kada wani ya faɗa ya nutse. In share akurki in barbaɗa toka saboda ƙuma. Har shuni muke shafa musu a baya don shirwa ta kasa gane su daga sama. Inna ba ta da dogon bayani, maganganunta gajeru ne, kuma kullum su ne dai. “Kada ka sake su sai raɓa ta bushe.” “In ka ga ɗaya ya saki fukafukai, ka ware shi, ka kira ni.” “Ka ƙirga su da safe, ka ƙirga su da yamma.” Tana da wani tsohon kwanon sha da take zuba tsaki a ciki. In tana son kajinta su dawo, sai ta buga shi da ludayi sau uku ko huɗu, duk inda suke sai ka gan su suna tahowa a guje.

Ni kuwa zuciyata ba ta cikin akurki, tana kan titi. Inna tana da ƙane direban babbar mota, Kawu muke ce masa, yana kai shanu kudu ya dawo da goro. In zai wuce ta titin da yake yamma da mu, yakan danna hon sau biyu don 'yar'uwarsa ta san lafiya yake. Wani lokacin ya tsaya ya shigo, jikinsa na ƙamshin mai da goro, ya zauna a tabarma yana ba da labarin gadar da ake tafiya a kanta har a gaji, da garuruwan da ruwan sama ba ya ɗaukewa, da teku. Sa'o'ina sun fara watsewa a lokacin, wannan ya tafi Kano koyon ɗinki, wancan ya shiga dako a Kantin Kwari, in sun dawo sallah takalminsu ma daban. Kawu ya yi mini alkawari, ranar da yaron motarsa ya samu tasa motar, ni zan hau gurbinsa. Na riƙe wannan magana shekara biyu, ina kwana da ita ina tashi da ita.

A farkon wata damina Inna ta dawo daga biki a Makoda da wani abu ƙunshe a cikin ƙwarya da ƙaiƙayi. Ƙwai ne guda goma, manya, masu ɗigo-ɗigo. Ta ba wata ƙawarta ɗan akuyarmu guda ɗaya tilo ta karɓo su. Ta ce na talo-talo ne, kuma in Allah ya raya su, ɗaya ya fi kaji goma daraja. A garinmu a lokacin ba wanda ya taɓa kiwonsu, wasu ma ba su taɓa gani ba. Ta raba ƙwan biyar-biyar ta sa wa kaji biyu da suka hau kwanci. Ƙwan kaza mako uku yake yi, wannan sai da ya cika huɗu, har mata suka fara yi wa Inna dariya a rijiya cewa ta ba da akuya ta karɓo duwatsu. Tara suka ƙyanƙyashe.

Ban taɓa ganin halitta marar dabara kamar ɗan talo-talo ba. Ɗan tsako yana fitowa daga ƙwai ya san tsattsaga. Wannan kuwa sai ya tsaya a kan abinci yana kuka yunwa na cinsa. Sai da Inna ta riƙa ƙwanƙwasa faifai da yatsa suna bin yatsan, sannan ta saka musu 'yan tsaki biyu a ciki don su gani su kwaikwaya. Ƙwai ake dafa musu a marmasa da yankakken ganyen albasa, mu da ba ma cin ƙwai sai in mutum ba shi da lafiya. Sanyi kaɗan ya kashe su, raɓa ta kashe su, ruwan sama kuwa ba a magana. Kazar da ta ƙyanƙyashe su ma ba sa jin yarenta sosai, in ta yi kiran gargaɗi 'yan tsaki su ruga ƙarƙashinta, su kuwa su tsaya suna kallon sama. Ƙawar Inna ta gaya mata sai jan nan ya fito musu a wuya, wajen wata biyu, sannan mutum zai iya cewa yana da talo-talo.

Suna da mako biyu Inna ta zame a bakin rijiya, ƙashin ƙugunta ya karye. Maɗori ya zo ya ɗaure, ya ce kwana arba'in ba ta ba tashi. Aka shimfiɗa mata tabarma kusa da ƙofar ɗaki yadda za ta riƙa ganin tsakar gida, daga nan take ba ni umarni. Ba a yi mako guda ba sai ga saƙon Kawu. Yaron motarsa ya samu mota. Ranar Alhamis bayan azahar zai wuce da lodin shanu, in tsaya a bakin titi, ba zai kashe mota ba. Na kai wa Inna maganar ina jin kunyar farin cikin da yake fuskata. Ta kalli rufin ɗaki, sannan ta ce, “Ka tafi, Babana. Namiji ba ya ƙarewa a gindin akurki.” Aka aika wa babbar yayata, ta ce za ta iso ranar Juma'a da safe ta zauna da ita. Matar maƙwabcinmu ta ce ita za ta kawo tuwon dare, ta kuma kora kaji akurki da la'asar. Tsakanin tafiyata da zuwan Yaya wuni ɗaya ne kawai ba cikakke ba.

Ranar Alhamis gari ya waye garau, babu ko ɗigon gajimare. Da raɓa ta bushe na saki kajin nan biyu da 'ya'yan talo-talo a gefen geron bayan gida, wanda a lokacin ya kai gwiwa. Na yi sallar azahar, na ɗaure kayana a tsohon zanen Inna: riga biyu, da rigar mahaifina guda, da ƙuli-ƙulin da ta sa aka saya mini. Na durƙusa a gabanta. Ta dafa kaina ta yi addu'a, idonta a bushe. Ta ce in riƙe salla, in ji maganar Kawu, kada in ci abin da ban san shi ba. Na fita ta bayan gida. Na wuce 'ya'yan talo-talon suna bin uwayensu a cikin kunya, na ƙirga su ba tare da na yi niyya ba, tara cif.

Daga gindin kuka ana hango titi. Ina isa nan na ji iska ta sauya, ta yi sanyi, ta taho da ƙamshin jiƙaƙƙiyar ƙasa. Na waiwaya, sai ga hadari ya haɗo daga gabas, baƙi ƙirin, irin mai saurin nan da ba ya ba mutum damar kwashe shanya. Na ce a raina maƙwabciyarmu za ta gani ta fito. Na ƙara taku kamar goma. Sai iskar ta kawo mini ƙarar kwanon Inna. Ba sau uku ko huɗu ba kamar yadda ta saba. Bugu take yi ba ƙaƙƙautawa, da ƙarfi, kamar mai neman fasa kwanon. Nan take na san abin da zai biyo baya. Kajin nan biyu za su ji kwano su ruga gida neman tsaki, 'ya'yan talo-talo kuwa ba za su iya bin su ba, za su watse a cikin gero, ruwa ya same su a nan.

Na ajiye ƙunshina a gindin kuka, na ce minti kaɗan ne. Kafin in isa gonar ruwa ya sauko. Haka kuwa aka yi, uwayen sun tafi, ƙananan sun bazu, kowanne ya tsaya inda ruwa ya same shi ya miƙa wuya yana kuka. Na naɗe gaban rigata ina tsince su ina zubawa a ciki, jikinsu sanyi kamar an ciro su daga randa. Ina da biyar na ji hon na farko daga titi. Na samu na shida da na bakwai a gindin wake, hon na biyu ya tashi. Na miƙe tsaye a tsakiyar gero, ruwa na dukan fuskata, abubuwa bakwai suna rawar sanyi a jikin cikina. In na ruga titi da su a haka, kafin in kai sun mutu, kuma in kai su ina? In na zubar da su na ruga, zan samu motar, wannan na tabbata, don ƙafata a lokacin ba ta da na biyu a garin. Ina tsaye ina wannan lissafi Kawu ya danna na uku, mai tsawo, ya riƙe shi har na ɗauka ba zai saki ba. Da ya saki, na ji motar ta ja nauyinta ta tashi, ina jin yadda ƙararta take raguwa har ruwa ya rufe ta. Na sunkuya na ci gaba da nema. Na takwas yana kwance a cikin ruwan kunya da sauran numfashi. Na tara na same shi ya riga ya sandare.

Da na shiga ɗaki, kwanon yana gefen Inna da ludayin a kai. Ta miƙo hannu biyu na zuba mata su, ta tura su cikin zanenta a jikin fatarta, ta ce in hura gawayi a kasko. Ba ta tambaye ni mota ba. Da wuta ta kama, ta dube ni ta ce, “Cire rigar nan, Babana, kada sanyi ya kama ka.” Ƙunshina sai washegari na je na ɗauko, ƙuli-ƙulin ya narke ya ɓata rigar mahaifina.

Yaya ta zo ranar Juma'a kamar yadda ta ce, ta yi kwana goma mijinta ya aiko ta koma. Bayan mako uku Kawu ya dawo daga kudu, ya tsaya ya shigo duba 'yar'uwarsa. A ƙofar gida na ga wani saurayi ɗan ƙauyen gaba yana goge gilashin motar da tsumma. Kawu ya ja ni gefe ya ce, “Ɗana, na jira ka har shanu suka fara faɗuwa a kan juna. A tasha ta gaba na ɗauki wannan, uwarsa ta haɗa ni da Allah. Yanzu in ce masa ya sauka?” Na ce a'a, Kawu. Ya ce in yi haƙuri, wata damar za ta zo. Na ce to.

Shida suka rayu a cikin takwas ɗin. Jan wuya ya fito musu, suka yi girma har suka fi ƙarfin akurki. Ranar da babban namijin ya fara buɗe wutsiya ya ja fukafukai a ƙasa ya yi kukan nan nasu, yara da manya suka cika gidanmu kallo, matan da suka yi wa Inna dariya suna leƙe ta kan danga. Da sanyi ya shigo, mutanen Sabon Gari suka zo neman na Kirsimeti har ƙofar gida. A shekarar ba mu san yunwar bazara ba. Na ce a raina in an sayar da su na sauke nauyi, sai in nemi hanyata ko ba ta wajen Kawu ba. Amma Inna ta tashi daga jinya da ƙafa ɗaya ta fi ɗaya gajarta, tana dogara sanda, ba ta iya sunkuyawa ko kaɗan, kuma kiwon ƙanana duk a sunkuye ake yin sa. Ta hana a sayar da namiji ɗaya da mata biyu. Kafin in ankara an sake zuba ƙwai, an sake kwanci, an sake ƙyanƙyasa. In waɗannan sun yi jan wuya, wasu suna fasa ƙwai. Ban ƙara ganin wata guda da babu ƙanana a gidan nan ba. Mutane suka daina kirana da sunana, suka koma Mai Talo-talo. Aka yi mini aure, 'ya'ya suka zo. Iyakar tafiyata Kano ce, da tsuntsaye a kwando, kuma ban taɓa kwana ba, don kullum akwai abin da za a rufe kafin magariba. Saurayin nan da ya hau gurbina ya yi mota biyu tasa ta kansa, daga baya ya rasa su, ya ƙare yana sayar da baƙin mai a bakin titi. Na taɓa tambayarsa yadda teku take. Ya ce, “Ruwa ne kawai, malam.” Na ji haushin amsar nan fiye da yadda ya kamata.

Shekaru da yawa ina ɗora laifin a kaina. Wani lokacin in ce tausayin tsuntsaye ne ya mayar da ni, wani lokacin in ce tsoron duniya ne, na samu hujja na laɓe a bayanta. Akwai tambaya ɗaya da ban taɓa barin kaina ya yi ba, wato yadda macen da ta fi kowa sanin halin kaji za ta buga kwano a lokacin da ta san bugun zai raba uwa da 'ya'ya. Inna ce ta amsa ta da kanta, ba tare da na tambaya ba. Ta tsufa sosai a lokacin, ni ma furfura ta fara fito mini. Wata la'asar ina shafa mata man zafi a ƙafar nan, sai ta ce, “Babana, ranar da Kawunka ya wuce, ba kaji nake kira ba.” Hannuna ya tsaya. Ta ce, “Da ka fita na ji gidan ya yi shiru. Na ce in yaron nan ya hau motar nan ba zai dawo ba sai da gawata. Da na ga hadari, na san in na buga za su watse, na kuma san in ka ji ba za ka iya wucewa ba. Na sani sarai na buga. Ka yafe mini.”

Na rufe kwalbar man, na fita, na yi ta tafiya har bakin titi, na tsaya ina kallon motoci kamar wani yaro. Da rana ta yi ƙasa na tuna ba a rufe ƙanana ba, na dawo. Kwana uku ina kai mata abinci ina gaishe ta, ba na haɗa ido da ita. A na huɗu na durƙusa na ce na yafe, duniya da lahira. Ta yi kuka, abin da ba ta yi ba ranar da zan tafi. Bakina ya yafe a ranar, zuciyata kuwa ta ɗauki shekaru tana biyo shi a hankali, har Inna ta rasu ba ta gama isowa ba. Na kuma yi wa kaina alkawari cewa duk ɗan da na haifa, in ya ce zai tafi, ni zan raka shi bakin titi. Na cika wannan a kan guda biyar. Suna Kano, suna Kaduna, ɗaya ma yana can kusa da tekun.

Kiwon ma yanzu ba irin wanda na sani ba ne. Ba a jiran kaza ta hau kwanci. Waya ake bugawa, bayan kwana biyu a kawo maka su a kwali mai huji-huji, 'yan kwana ɗaya, inji ne ya ƙyanƙyashe su a wani gari mai nisa, ba su san uwa ba. Kaskon gawayi ne uwarsu, ko fitila in an samu wuta. Abincinsu a buhu yake zuwa, maganinsu a ɗiga a ruwa, a ɗiga a ido. Ba mai kifa tukunyar gara, ina ma filin da za a kifa ta? Tsuntsu ya girma a yanka shi bai taɓa taka ƙasar gona ba, bai taɓa ganin inuwar shirwa ba. Sun fi namu na da saurin girma, wannan gaskiya ne, amma mako huɗun farko sai an tsaya a kansu kamar jariri, a duba zafi, a sauya ruwa, a kwashe shimfiɗa, duk a tsugune.

Mai ɗakina ta rasu shekara biyu da suka wuce, saura ni da autana. Ba yaro ba ne, ya haura talatin, ya yi karatun aikin gona, shi yake noma 'yar gonarmu da ta rage yana kuma haɗawa da gyaran injin ban-ruwa. A cikin markar bana, wata Juma'a bayan mun dawo masallaci, ya zauna a gefen tabarmata ya ce wasu masu kafa famfon ban-ruwa mai aiki da hasken rana sun neme shi. Za a fara daga gonakin madatsar ruwan Watari, daga nan duk jihar da aiki ya kai su, wata uku, wata huɗu bai zo gida ba. Sun ba shi mako biyu ya ba da amsa. Ya ce ya yi magana da yayyensa, za a samo wanda zai riƙa kwana da ni. Na ce Allah ya sa albarka, Auta, ka tafi, wannan ai abin nema ne. Na faɗa da zuciya ɗaya, ko kuma haka na ɗauka.

Washegari yana gona na ɗauki waya na kira mutumin da yake kawo mana tsuntsaye, na ce ya kawo mini 'ya'yan talo-talo talatin. Ya ce, “Baba, a markar nan? Wa zai tsaya a kansu?” Na ce kasuwar ƙarshen shekara nake hange. Haka na gaya masa, haka na gaya wa kaina. Ranar Litinin kwalin ya iso. Auta ya shigo ya same shi a tsakar gida, tsuntsayen suna ta kuka a ciki, ya dubi kwalin, ya dubi gwiwoyina. Ya tuɓe rigarsa ta fita, ya share ɗakin mahaifiyarsa, ya shimfiɗa buntun shinkafa, ya hura gawayi, ya tsuguna yana ciro su ɗaya-ɗaya. Ina zaune ina kallon bayansa ta ƙofa.

Kwana biyu ina kallonsa yana shiga yana fita a ɗakin nan. A na uku da hantsi na kira shi, ya fito hannunsa duk dusa, ya tsuguna a gabana. Na ce, “Auta, tsuntsayen nan ba don kasuwa na sa aka kawo su ba. Don kai ne. Na ji tsoron gidan nan ba kowa. Ka kira mutumin ya zo ya kwashe su ko a faɗuwa ne, ka shirya ka bi aikinka. Ni na yi kuskure.”

Ya murza dusar da take yatsunsa. Sannan ya ce, “Na gane, Baba, tun ranar da na ga kwalin. A ranar na kira su na ce su nemi wani. Jiya suka ɗauka.”

Daga cikin ɗakin kukansu ya ƙaru, irin na jin sanyi, mu biyun duk mun san shi. Auta ya miƙe ya karkaɗe hannunsa a wando.

Ya ce, “Gawayin ya kusa cinyewa. Ina ka sa aka ajiye sabon buhun?”

Na ce yana zaure, a bayan ƙofa.